Tsuntsuwar da Babu a Waya

A garinmu, Kwarin Madaci, akwai wani dattijo da ya shiga cikin wayarsa da rana tsaka, ya yi tafiyar da ƙafafunsa suka ce ta mako guda ce, ya fito tun kunun da ya ajiye bai huce ba. Sunansa Nomau. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, kuma ni ma ina da hannu a ɓarnar da ta kai shi can, don haka ku bar ni in ba da labarin da kaina.

Nomau yana da 'ya ɗaya tal, Marka, wadda Allah ya yi kurma tun tana goye. A tsakar gidansu akwai wata tsohuwar tsamiya da shamuwa ke yin sheƙa a kanta kowace shekara, kun kuwa san shamuwa ba ta zuwa sai ruwa na tafe. Marka ba ta jin cida, ba ta jin shelar mai gari, amma ba a taɓa riga ta ganin shamuwar farko ba. Da ta hango ta sai ta fita da gudu, unguwa-unguwa, tana yi wa mutane alama da hannu, kowa ya shiga rumbu ya ɗebo iri. Rana ɗaya ke nan a shekara da duk garin ke sauraron Marka.

Sai Nomau ya yi rufin kwano sabo fil. Shamuwa kuwa ina ruwanta da sabo, ta yi masa farin fenti da kashi tun daga tsakiya har indararo. Abokan wasansa suka sa shi gaba a majalisa, wai ya kashe ƙarfinsa ya gina wa tsuntsaye masai. Mutumin naku akwai zuciya. Da rani, wata ranar kasuwa da Marka ba ta gida, ya ɗauki gatari, ya gayyato wasu ƙarti biyu, suka kwantar da tsamiya.

Da Marka ta dawo ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya fi ba shi tsoro. Da damina ta matso, shamuwa ta zo ta yi shawagi a kan gidan sau uku, ta wuce. Washegari Marka ta ɗaure kayanta ta tafi wajen gwaggonta a unguwar Sabo ta Ibadan, ta kama ɗinkin hula. A bakin mota ta ce masa da hannu, “Baba, ranar da shamuwa ta dawo gidanmu ka faɗa mini, zan dawo.”

Ta bar masa babbar waya irin ta shafawa. Shi bai yi boko ba, ita ba ta jin murya, sabis ɗin garinmu kuwa in ka tura hoto sai ya yi ta juyi har ka gaji ka goge. Abin da ke wucewa kawai rubutu ne da ƙananan hotunan nan da yara ke kira imoji. Da su suke gaisawa. Da safe ya tura mata rana, ita ma ta turo rana. In an yi ruwa ya tura gajimare. Ba su yi gaba ba, amma ba za a ce sun shirya ba.

A shekara ta biyu na ga yana ramewa. Ni kuwa tsohon malamin firamare ne, hannuna ba ya zama lafiya in ya ga wurin rubutu. Na karɓi wayar na rubuta mata cewa shamuwa ta dawo. Ta tambayi wata ƙawarta a garin, aka ce mata ko gashinta ba a gani ba. Amsarta ni na karanta masa da bakina, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige: “Baba, rubutu ba hannunka ba ne. Daga yau ba na karɓar maganar shamuwa sai daga yatsanka.” Garin neman gira muka rasa ido.

Nomau bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya kafa doguwar gwafa kusa da kututturen tsamiyar, ya ɗaure tsohon kwando a kai, kamar yadda kakanninmu ke yi in suna gayyatar shamuwa. A damina ta huɗu sai ga shamuwa mata da miji sun sauka a kwandon.

Ya ɗauko waya, ya buɗe layin dabbobi na imoji. Ga zaki, ga giwa, ga raƙumin dawa, ga wata dabba mai ƙiba fari da baƙi wadda ko kakansa bai taɓa gani ba, ga wani tsuntsu na ƙasar ƙanƙara yana tsaye kamar ya sha babbar riga. Babu shamuwa. Ya tura agwagwa, ta turo masa jar alamar a'a. Ya tura wata doguwar tsuntsuwa mai ruwan hoda, ta turo fuska mai hawaye ɗaya. Daga nan bai ƙara gwadawa ba. Ƙwai ya ƙyanƙyashe, gero ya kai gwiwa, kowa kuma ya san da gero ya nuna shamuwa za ta tafi.

Wata rana bayan azahar yana zaure, ya ajiye kunun tsamiya yana jira ya huce. Ya shafa layin dabbobin har ƙarshe, ya dube shi, haushi ya kama shi. Ya danna yatsa a wajen da babu komai, bayan hoton ƙarshe, ya ce, “Ina kuka kai ta?” Sai gilashin ya yi laushi kamar kindirmo. Yatsa ya nutse, hannu ya bi, kafaɗa ta bi, Nomau ya tafi gaba ɗaya har da hularsa.

Ya faɗo a wani fili mai santsi da haske, babu rana babu inuwa. Bai gama miƙewa ba sai ga wani babban yatsa ya sauko daga sama, kaurinsa ya kai rumbu, ya shafi ƙasa, ƙasar ta zame da gudu ta watsar da shi can nesa. Ya tashi, wani ya sake saukowa. Sau biyar ana wurgi da shi, gwiwoyinsa suka ɗaye. A na shida ya kwanta ya lura, ya ga yatsun duk tsakiya suke taɓawa, ba sa zuwa gefe. Ya rarrafa ya kama gefe-gefe kamar mai bin iyakar gona, ya yi ta tafiya har ya ji hayaniya.

Kasuwa ce, amma babu mai jiki a cikinta. Kawuna ne zalla, rawaya, mulmulallu kamar lemo, suna gangarawa. Wannan na dariya, wannan na kashe ido, wancan ya yi ja don fushi. Suka kewaye shi. Babbansu, mai dariya har da hawaye biyu, ya gangaro gabansa.

“Ya kai bil'adama,” in ji shi, “ba a ratsa kasuwarmu da fuskar gida. Taka ta tsufa, ta sha rana, baƙin ciki ya yi mata kunya-kunya. Tuɓe ta ka ɗauki tawa. Mutane dubu dubu suna sa ni kullum alhali cikinsu na ciwo, kuma ba wanda ya taɓa ganewa. In ka sa ni, ba za ka ƙara tuna abin da ya kawo ka ba.”

Nomau ya ce mini har ya ɗaga hannu, don ya gaji da nauyin abin da ke ransa. Sai ya sauke.

“Ranka ya daɗe,” ya ce, “na gode da karamci. Amma da wannan fuskar na yi laifi, da ita nake so in nemi gafara. Kuma 'yata ba ta jin magana, fuska take karantawa. In na sake ta, da me za ta gane ni?”

Kawunan suka dare suka ba shi hanya. Ya kai bakin kasuwa sai ya ji wani abu na bin sa a hankali. Ya waiwaya, ya ga fuskar nan mai hawaye ɗaya.

“Ni aka aiko maka ranar nan,” ta ce. “Ina so ka san yatsanta ya daɗe a kaina kafin ta danna. Ba fushi ne ya turo ni ba. Bi ta nan, za ka ga ganuwa. A cikinta ake sassaƙa mu duka.”

Ya bi, ya ƙetare wani kogi na zukata ja da kore da shuɗi, suna bugawa suna zamewa a ƙarƙashin ƙafa, ya hau wani tudu da alamun hannu ke ta tafi ba ji ba gani. Daga kan tudun ya hango ganuwa, da wani taro a bayanta wanda ido ba ya kai ƙarshensa.

Da ya matso sai ya ga duk 'yan gida ne. Ga zabo, ga belbela, ga damo da tunku da gafiya, ga tarwaɗa kwance a ɗan taɓo. Ga kuka da gawo da ɗorawa da aduwa a tsaitsaye. A ƙarƙashinsu ga tsutsotsi da ƙwari da wasu halittu ƙanana da shi kansa bai san sunansu ba, sun fi kowa yawa. Dukansu sun koɗe kamar zanen da ya sha wanki. Wani gauraka mai tukku ya tako ya tare shi.

“Sannu da zuwa, mutumin ƙasarmu,” ya ce. “Mu ne waɗanda ba a sassaƙa ba. Danginka sun koma zance da hotuna, wanda ba shi da hoto kuwa ba ya shiga zance. Da can yara na kwaikwayon kukana a fadama. Yanzu in na ƙare ba mai zuwa ta'aziyya, don ba wanda zai lura.”

Gara ta leƙo daga ƙasa tana huci. “Kyanwa kaɗai ta fi hoto goma a cikin birnin nan! Tana dariya, tana kuka, tana sumba. Me ta taɓa yi wa ƙasa? Ni da nake juya gonakinku tun kafin a ƙera fartanya, ko ɗigo ba a ba ni ba.”

“Ke kuma kika cinye mini azara,” in ji Nomau, don ko a ƙasar aljanu ba ya barin ta kwana.

“Wannan wata magana ce daban,” in ji gara, ta koma rami.

Yana ratsa su sai ya hango wata bishiya a keɓe, jikinta duk saran gatari. Ya gane ta tun daga nesa. Ya ja hularsa ya rufe fuska, ya wuce da sauri ya shige ƙofar birni.

Cikin birnin layi-layi ne na ƙananan ɗakuna, kamar gidan tattabaru, kowane da mai shi a zaune. Zaki na hamma a nasa, giwa ta cika nata. A tsakiya akwai wata tsohuwar aljana zaune gaban murhu, hannuwanta bakwai, kowanne riƙe da wuƙar zane irin ta masu ƙona ƙwarya. Ita ce Uwar Zane. Nomau ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

“Allah ya ja zamaninki, uwar masu hannu. Nomau ne ɗan Bagudu, daga Kwarin Madaci. Na zo roƙon hoton shamuwa.”

Ba ta ɗago ba. “Masu zuwa nan suna roƙon abin da duniya ke kallo. Wa ke neman shamuwa?”

“Mutum biyu, ranki ya daɗe. Ni da 'yata.”

Sai ta ɗago ta dube shi, idanunta kamar garwashi. “Biyu ma jama'a ce. To, ga sharaɗina. Ba na sassaƙa tsuntsu sai a kan icen da ya taɓa yi wa sheƙa. Je ka kawo mini.”

Nomau ya ce mini da ta ce ya ciro haƙorin zakin nan da ya fi masa sauƙi. Ya fita yana jan ƙafa, ya je gaban tsamiya ya zube.

“Nomau,” in ji tsamiya, muryarta a hankali kamar ta kaka, “na ga ka wuce ka rufe fuska. Ka ɗauka ban gane tafiyarka ba? A gindina ka koye ta. Ni na yi wa uwarka inuwa ranar sunanka, a inuwata kuma aka yi zaman makokin matarka Tasalla.”

“Ba ni da bakin magana, Inna.”

“Kunun da ka bari a zaure, da me aka dama shi?”

“Da tsamiya.”

“Ta ina?”

“Ta kasuwa,” ya ce, hawaye suka zubo masa.

“To, ya isa,” ta ce. “Ban tsaya nan don in ga kukan tsoho ba. Kututturena ya yi toho sau uku, sau uku akuyarka ta cinye kana kallo. Ka ɗora wa tsuntsu kwando, ka manta da wadda ke ƙasa tana ƙoƙarin tashi. In ka koma ka kewaye ni da ƙaya. Ba kai za ka sha inuwar ba, amma wani zai sha.”

“Na ɗauki alkawari.”

Ta girgiza, wani ɗan guntun ice ya faɗo a tafinsa. “Wannan shi ne abin da saranka na farko ya cire. Na ajiye shi, na san za ka zo nema.”

Ya koma wajen Uwar Zane. Ta karɓi icen ta shinshina, ta tura wuƙaƙe cikin wuta.

“Saura ɗaya,” ta ce. “Ni ban taɓa ganin shamuwa ba, sai yadda ka siffanta mini. Wuta uku gare ka, kowace tana cin ice. In ta uku ta ɓaci, ka koma hannu rabbana.”

Nomau ya ji sanyi a ransa. Shekara sittin da biyar yana kwana ƙarƙashin shamuwa, wannan ai ba abin tambaya ba ne. “Baƙa ce, ranki ya daɗe, mai dogayen ƙafafu.”

Wuƙaƙe suka yi ƙauri. Abin da ya fito hankaka ne a kan ƙafafun kara, ya yi kuka ɗaya ya zama toka.

“Fuskarta wane launi?” in ji aljana. “Ƙafarta fa? Cikinta?”

Ya san kashinta sarai, har ya san yadda yake cin kwano, amma bai taɓa ɗaga kai ya dube ta ba. Ya yi shaci-faɗi, ya ce baki rawaya, wuya fari. Abin da ya fito belbela ce da ta faɗa tukunyar baban rini, ita ma ta zama toka. Icen da ya rage bai fi farcen babban yatsa ba.

“Wuta ta ƙarshe,” in ji Uwar Zane.

Nomau ya sunkuyar da kai. Ya nemi shamuwa a cikin kansa bai same ta ba, sai Marka yake gani. Ya gan ta tana 'yar shekara shida, wata safiya da ta shafe kumatunta da shunin uwarta, ta ƙunsa lalle a gwiwoyi da tafin ƙafa, ta ɗaura farin zane, ta yafa baƙar rigarsa a baya tana ja a ƙasa, tana takawa ɗaiɗai a tsakar gida. Ya tuna ya daka mata tsawar da ba ta ji ba, ya fizge rigarsa. Tasalla kuwa ta yi dariya har ta zauna, ta ce, “Malam, wai ba ka gane ba?” Bai tambaye ta me zai gane ba, yana saurin zuwa gona.

Kuma alamar nan da Marka ke yi wa gari kowace shekara, ashe ita ce wannan shigar. Yatsa biyu a kumatu, tafi a ciki, hannu a gwiwa, sannan yatsu su sauko daga sama kamar yayyafi. Shekara ashirin yana ganin ta, bai taɓa karanta ta ba.

“A gafarce ni, ranki ya daɗe,” ya ce. “Bakina bai san ta ba. Amma hannun 'yata ya sani, bari in ara.”

Ya miƙe, tsoho da shi, ya shafi kumatunsa da yatsa biyu. “Nan shuni.” Ya dafa ciki. “Nan fari, a ƙarƙashin baƙar riga.” Ya sunkuya ya taɓa gwiwa da ƙafa. “Nan lalle.” Ya ɗaga hannu ya sauko da yatsu. Wannan bai fassara shi ba.

Hannuwa bakwai suka motsa lokaci ɗaya. Da hayaƙi ya washe sai ga shamuwa a kan ɗan icen, ƙarama kamar ƙwayar gyaɗa, tana gyara fiffike.

“Karɓi,” in ji Uwar Zane. “Sau ɗaya za ta aiku. Kuma ka sani, mu sassaƙa ce tamu. Abin da zai bayyana a wancan gefen ba a hannunmu yake ba.”

Ya yi godiya ya fito. A bayan ganuwa taron nan suka zuba masa ido, ba wanda ya yi masa hassada sai dai gara da ta yi tsaki. Gauraka ya raka shi har gindin tudu.

“Ba kowa zai samu ɗaki a birnin nan ba,” ya ce. “Amma kana da baki. In ka ga ɗayanmu, ka kira sunansa a gaban yara.”

“In Allah ya yarda,” in ji Nomau.

Da ya iso filin santsi bai bi gefe ba. Ya dunƙule hoton a hannu, ya tsaya a tsakiya, ya yi bisimilla. Yatsa ya sauko ya share shi, sai ga shi a zaurensa, kunu na tururi.

Ya ƙwala mini kira ta kan katanga. “Malam Ilu! Zo ka gani, amma kada ka taɓa!” Na zo, na ga gwiwoyinsa a ɗaye, na kuma ga shamuwa da idona a ƙarshen layin dabbobi, fuskar shuni, gwiwar lalle. Wanda ya ga dama ya ce ƙarya nake yi, na san ina da tarihi. Ya danna da yatsansa, ta tafi, gurbinta ya shafe.

Muka jira amsa, shiru. Washegari ya tura rana, ba a turo rana ba, abin da bai taɓa faruwa ba cikin shekara uku da wani abu. Na ji tausayinsa ƙwarai. Shi kuwa ya ɗauki adda ya saro ƙaya, ya kewaye kututturen, ya ɗaure akuya a bayan gida. Kwana na biyu shiru, na uku shiru. Abinci ma sai an matsa masa.

A rana ta huɗu, ranar kasuwa, motar Ibadan ta tsaya da hantsi. Marka ta sauko da jaka ɗaya. Ta ratsa gari ba ta tsaya ko'ina ba, ni ma da na yi mata sannu kallo ɗaya ta yi mini, na san na ci bashin wannan kallon. Ta shiga gida ta tsaya gindin gwafa. A cikin kwando 'ya'yan shamuwa uku na miƙo wuya, uwar na tsaye a kansu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ga ƙayar, ta leƙa ta ga ɗan toho mai ganye huɗu.

Sai ta durƙusa ta gaida ubanta, ta ciro wayarta ta nuna masa saƙon da ya tura. Na leƙa ta bayansa. Babu shamuwa. Wani ɗan akwati ne mai kusurwa huɗu, babu komai a cikinsa. Wayarta ba ta san hoton ba.

Duk wurgin da aka yi da Nomau, duk durƙuson da ya yi, ashe fanko ya aika. Ya fara ƙoƙarin yi mata bayani da hannu, ta riƙe hannun ta sauke.

“Baba,” ta ce da nata hannun, a hankali don ya gane, “tun watan farko na san babu ita a waya. Kullum ina nemanta, don in tambaye ka ko ta zo. Da ka turo agwagwa na ɗauka cewa kake in haƙura da wata. Da na ga akwatin nan kuwa, na san ka turo abin da waya ba ta sani ba. Abu ɗaya ne ni da kai muke nema wanda ba ta sani ba.”

Nomau ya dube ta. Ya ɗaga yatsa biyu ya shafi kumatunsa, ya dafa ciki, ya sunkuya da ƙyar ya taɓa gwiwarsa mai ciwo, ya sauko da yatsu daga sama. Bai taɓa yi mata wannan alamar ba tun da aka haife ta. Marka, wadda ba ta yi kuka ranar da aka sare tsamiya ba, ta faɗa jikinsa ta yi na shekarun nan gaba ɗaya.

Da ta share ido sai ta kama hannunsa ta ja shi waje. Damina ta yi rabi, an gama noman farko, ba wanda bai san shamuwa ta zo ba tun wata biyu. Amma suka bi gari unguwa-unguwa, ita a gaba shi a baya yana ɗingishi, su biyu suna yi wa mutane alamar. Mata suka leƙo ta kan katanga, maza suka miƙe daga majalisa, har da abokan wasan nan masu maganar masai, kuma ba wanda ya yi dariya.

Da suka iso ƙofar gidana Marka ta tsaya, ta dube ni, ta yi mini alamar ni kaɗai. Gerona ya kai ƙugu a lokacin. Na shiga rumbu na ɗebo iri na fito da shi.